Tsiron da Muka Binne a Bayan Ɗaki

Ni ce na fara ganin jinin, tun maigidana bai yarda akwai shi ba. Mai wanki ba a ɓoye mata komai. Ran nan na zo jiƙa wandunansa, sai na ga ɗigo biyu sun bushe a gindin ɗaya, launin ruwan goro. Na wanke, na shanya, na kama bakina. Sati bai zagayo ba na sake gani, wannan karon ya fi faɗi.

Maigidana tela ne, rumfarsa tana cikin kasuwar Tawa. A shekarun nan ne jam'iyyu suka fito kamar fara, kowace da launinta, kowace tana son riguna da tutoci kafin ranar taro. Shi ba shi da jam'iyya sai kekensa. Duk wanda ya kawo yadi zai ɗinka masa, ya kuma yi masa fatan nasara. Daga hantsi har la'asar sakaliya yana zaune a kan benci ɗaya. Don haka da na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, wandon nan naka," bai bari na ƙarasa ba.

"Basir na," ya ce. "Wane tela kinka sani da ba shi da shi?"

Shekara guda da wani abu muka yi muna maganin basir. Babu sassaƙen da ban dafa ba. Sabara, marke, da wata saiwa mai ɗaci da wata Buzuwa ta kawo mini a ƙullin tsumma. Ruwan bagaruwa kuwa ya zauna a ciki har na ce masa in ya ƙara kwana uku majema za su zo tayinsa. Na daina sa tonka, wato barkono, a miya, gidan duka muka koma cin lami saboda shi. Jinin yakan ɗauke wata guda, mu ce an dace, sai ya dawo.

Ni karatuna bai wuce allo ba, fita kuma ba ta dame ni ba, in ba suna ko gaisuwa ba, ina cikin gidana. Amma Allah ya ba ni kunne. Daga takun mutum a zaure nake gane ko wane ne, har da irin labarin da ya ɗauko. To takun maigida ya canja. Mutumin da ke shigowa ƙwas-ƙwas ya koma jan takalmi. In ya dawo daga masallacin da ke nan kusa, sai ya tsaya a zaure ya maida numfashi kafin ya yi sallama, yana zaton ban ji ba. Tafin hannunsa ya yi fari kamar an wanke ƙwarya.

Yana da ƙane, ma'aikacin jinya a wani ɗakin shan magani can wajen Afala. Kowa Majo yake ce masa. Tsakanina da shi wasa ne, irin na mace da ƙanen mijinta. Wata Juma'a ya zo, ya gaishe da wansa, ya ja masa fatar ido ya leƙa, sannan ya juyo wurina.

"Matata, mi kike ba tsohonga? Ko kin fara rage mishi hura don in gaje ki da wuri?"

"Kai da ko akuya ba ka iya riƙewa," na ce.

Ya yi dariya, amma dariyar a baki ta tsaya. Kwana biyu bayan haka ya sa wansa gaba suka tafi asibitin Yamai.

Kwanansu shida. Da suka dawo, abin da maigida ya gaya mini bai wuce kalma biyu ba: "An cire." Sauran a zaure na tsinta, ina tankaɗe a bayan bango su kuma suna magana. Ashe ba basir ba ne. Lokotoro, wato likita, ya leƙa cikinsa ta ƙasa da wani bututu mai fitila, ya tarar da tsiro a jikin hanji, ya yanke shi. Ya kamata a kai tsiron wani ɗaki a auna shi, to masu ɗakin suna yajin aiki, ƙofa a kulle. Lokotoron ya ce in aka bar shi a can zai iya ɓacewa, gara su riƙe shi a gida, ranar da aka koma aiki a maido masa. Majo ya ce zai zo da kansa ya karɓa. Wannan na ji shi sarai da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

Kwalbar ƴar ƙarama ce, da murfin roba da takarda manne a jikinta da rubutun Faransanci. A ciki akwai ruwa garau, abin kuma yana kwance a ƙasa. Bai fi ɗan magarya ba, da ƴar wutsiya, launinsa ya koma kamar naman da ya kwana a ruwa. Maigida ya ɗora ta a kan kabad, bayan kwanonin jerena. Tun daga ranar ɗakin nan ya daina yi mini daɗi. In na shiga ɗauko wani abu, idona can yake fara zuwa. In ina tsakar gida sai in ji kamar na bar baƙo a ɗaki ban ba shi ruwa ba.

Kwana uku da dawowarsu Inna ta zo dubiya daga Barmu, da man shanu da busasshiyar kuɓewa. Inna ita ce mahaifiyar maigida, shi ne kuma ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mai gidanga" take ce masa, ko yana wurin ko ba ya nan. Ranar ya lallaɓa ya fita kasuwa. Na shiga sauko da kwano in juye man, tana biye da ni, sai kwalbar ta bayyana.

"Mi na wanga?"

"Abin da anka cire ma Malam na, Inna."

Ta karɓa, ta kai bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo.

"Naman mutum na, tsakanin kwanonin tuwo."

"An ce za a maida shi Yamai a auna."

"A auna shi ga mi? Sikeli? Wa za ya saye?"

Na ce ni dai haka na ji.

Ta zauna a bakin gado da kwalbar a cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba, Inna ba ta ɗaga murya. Ta ce ranar da aka haifi mai gidan nan, tana kallo ungozoma ta wanke mabiyya aka binne a bayan ɗaki. Gashin ranar suna an binne. Abin da wanzami ya yanke ranar kaciya an binne. Ta ce duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ce ke da shi, ba a barinsa yana yawo. Sannan ta sauko da murya ta ce in duba zamanin da muke ciki, kowa yana neman kujera ido rufe, ana neman abin da bai kai wannan ba a kai wa boka. Daga nan zuwa Yamai hannu nawa zai bi? Direba, da ɗan tasha, da wanda ba a san uwarsa ba.

"Ɗauko hauya, ɗiyata."

Gaskiyar da zan faɗa ita ce ba tsoron suruka kaɗai ya sa na ɗauko hauyar ba. Maganarta ta zauna mini. Mabiyyar ƴaƴana duka a bayan wannan ɗakin take. Kuma a hankalina na lokacin, ƙaya in an cire ta daga ƙafa wa ke kai ta a duba? Mutum ya samu sauƙi, jini ya tsaya, sauran ai ƙa'idar ƴan boko ce, su da ba su gajiya da takarda.

Na buɗe murfin, wani wari ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Inna ta ce in gani, ko ruwan ma ba na arziki ba ne. Muka ɗauraye abin sau uku da ruwan randa. Na zaɓo farin ƙyalle mai tsabta cikin ragowar yadin da maigida ke kawowa gida, muka naɗe shi. Na haƙa rami kamar kamu ɗaya a bayan ɗaki. Inna ta yi bisimilla ta sa shi, na maida ƙasa, ta ɗora dutse. Kwalbar kuma na jefa ta a salga. Rabon da in ji iska ta shige ni kamar yammacin nan har na manta. Na yi tuwo ina ƴar waƙa.

Da maigida ya dawo ya ci abinci, na ce masa, "Inna ta sa an binne abin nan."

Ya tsaya da wanke hannu. Na jira faɗa. Sai ya ce, "To." Ya ci gaba da wanke hannunsa. Daga baya na gane shi ma abin ya yi masa daɗi. In babu kwalba, babu abin da zai sake haɗa shi da Yamai.

Inna ta koma Barmu. Bayan kwana goma rediyo ya ce ma'aikata sun janye yajin aiki. Kashegari da hantsi na ji babur ɗin Majo a ƙofar gida.

"Matata, kawo mani kwalbar tsohonki. Gobe akwai mai tahiya, mutumin kirki, hannu da hannu za ya kai."

Ina riƙe da muciya. Na ce, "Ai an binne."

"An binne wa?"

"Abin."

Ya dube ni yana jiran in yi dariya. Da ya ga ban yi ba, ya nemi turmi ya kifa ya zauna a kai. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin ya kira ni da wani suna ba sai na wasa. Ranar ya ce, "Yaya, zauna in gaya miki abin da kunka binne."

Ya ce tsiron hanji iri-iri ne. Wani nama ne kawai, ya tsiro, an yanke, magana ta ƙare. Wani kuwa ya riga ya kama hanyar zama ciwon daji, kuma da ido ba a bambanta su, ko idon lokotoro ne. Ya ce naman hanji yana da wasu abubuwa nasa na halitta, aikinsu wanke dafin da ke biyo abinci, kullum suna yi ba mu sani ba. In nama ya fara juyewa, sai waɗannan masu wankin su canja, wani irinsu ya taru a wurin fiye da ƙa'ida. Masu aunawa sai su yanka tsiron siriri, ya fi fatar albasa, su zuba masa rini, su duba da madubi. Su ga yadda fasalin naman yake, su kuma ga inda masu wankin suka taru, don nan ne rinin ke kamawa.

Na ce, "Kamar takalma a ƙofar ɗaki ke nan. In ka shiga gida kag ga sun yi yawa, ka san ba lahiya ciki."

"Hakanan na," ya ce. "In ya juye, sai a koma a yanke gindin tun bai yi nisa ba. In bai juye ba, a ce mishi shi je shi ci tonkarshi. Wanda za ya gaya muna ko wanne na, shi kunka sa ƙasa."

Ban jira ya ƙarasa ba na ɗauko hauya. An yi ruwa sau biyu a tsakanin, ƙasar ta laushi. Na ɗaga dutsen, na haƙa da hannu don kada hauya ta yanke shi. Gara ta riga ni. Ƙyallen babu sai wani zare-zare. Na ɗauko rariyar da nake tankaɗe da ita, na riƙa zuba ƙasar ina murzawa, Majo yana tsugune yana duba duk ɗan tsakuwar da ya rage. Har azahar muna nan. Daga ƙarshe ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce in bari, ko mun same shi yanzu ba zai faɗi komai ba.

Saura hanya ɗaya, in ji shi. Wansa ya koma Yamai a sake leƙawa, a ɗebo daga inda tsiron ya tashi.

Maigida ya ce ba za shi ba. Majo ya yi magiya, ya kawo misalai, ya yi fushi, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ni ma na gwada tawa bayan kwana biyu, na zaɓi lokacin da maigida ya sha hura ya ji daɗi.

"Ke ba ki san abin da anka yi mani can ba," ya ce. "Yini guda ana ba ni abin zawo. Sannan in kwanta bisa tebur, ba wando, gaban yaro sa'an ƙanena, da wata mace tsaye tana riƙe da fitila. Na yi sau guda don ina zub da jini. Yanzu mi nike zubarwa?"

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne gaskiya ba ya zubar da komai. Jini ya tsaya cak. Tafin hannunsa ya fara ja, wuyansa ya ciko, takunsa ya dawo. Maƙwabta suna yi mini barka. Amma Majo ya riga ya gaya mini tsayawar jini ba ta nuna komai, abin kan yi shiru ya ci gaba da aikinsa a ciki.

Daga nan zama ya gagare ni. Ni da nake iya yini a kan tabarma ɗaya ina tsinkar zogale ina hira, sai ga ni ina zagaya tsakar gida ba abin da na fito ɗauka. Na ƙona tuwo sau uku a sati ɗaya. Kowane wando sai na kai shi rana na juya shi ciki da waje kafin in jiƙa. In ya shiga bayan gida ina lissafin daɗewarsa. In cikinsa ya yi ƙugi muna zaune, sai in bar abin da nake yi. Sanarwar rasuwa a rediyo, da can don in san inda za a je gaisuwa nake saurare, yanzu sai in tsaya ina jiran a faɗi ciwon da ya kashe mutum, alhali ba a faɗa. Wani dattijo a bayan layinmu ya rasu da kumburin ciki, na je gaisuwa na riƙa yi wa matarsa tambayoyi har wata ta taɓa ni da gwiwar hannu.

Ran nan maigida yana cin abinci ya ajiye loma ya ce, "Ki bar kallona kamar ragon layya."

Na kau da kai. Amma a ranar na san ni ba zan iya da shi ba, Majo ma ba zai iya ba. Mutum ɗaya ce in ta ce ya tafi zai tafi.

Ranar kasuwar Barmu na ce masa zan je in gaida Inna. Ya dube ni da mamaki, don ya san ni da mota ba ma shiri, amma bai hana ba. Na shiga bayan wata motar ƴan kasuwa, tsakanin buhunan gishiri da wani ɗan maraƙi da aka ɗaure. Gero ya fara fid da kai a gonaki, duwatsun Adar sun yi kore-kore, ni dai ban ga kyansu ba, bakina kawai nake gyarawa. Yaya mace za ta gaya wa surukarta cewa abin da ta sa aka yi ya jawo matsala?

Na same ta a inuwar rumbu tana gyaran ganyen tafasa. Bayan gaisuwa da ruwa, na fara da cewa, "Inna, ramin nan da na haƙa." Na ɗora wa kaina duka. Na gaya mata abin da Majo ya ce, da masu wankin dafi, da rini, da yadda ake gane naman da ya fara juyewa. Ban tsallake komai ba, don kunnena ya riƙe shi yadda aka faɗa.

Hannunta bai tsaya da tsinkar ganye ba.

"Ni nac ce a bizne," ta ce. "In yau anka sake kawo mani shi, sai in sake cewa a bizne."

Ta ɗebo wani ganyen, sannan ta tambaye ni.

"Kina cewa akwai saura ciki?"

"Ba a sani ba, Inna. Rashin sanin shi ka cina."

"Shi kuma ya ƙiya."

"Ya ƙiya. Kunya yake ji."

Ta ƙarasa ganyen da ke hannunta, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta shiga ɗaki. Da ta fito da mayafinta a kai da ƴar jakarta.

Mun iso Tawa bayan la'asar, maigida ya dawo ke nan yana zaune a tsakar gida. Ya miƙe ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Na shimfiɗa mata tabarma. Tsakaninta da shi bai fi taku uku ba, amma ni ta fuskanta.

"Gaya ma mai gidanga kunyar lokotoro ta yini guda ta."

Na juya na ce, "Malam, ka ji."

"Gaya mishi ni na sa anka bizne. In wani abu ya same shi, mutanen Barmu za su ce tsohuwa ta bizne ɗanta tun shina tahiya bisa ƙahwahunshi. Gaya mishi na ɗauki abubuwa da yawa, wagga ban iya ɗauka."

Ya buɗe baki ya fara cewa ai ya warke, jini ya tsaya, aiki ya yi yawa a rumfa. Sai Inna ta juya. Shekara ashirin da wani abu ina gidan, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba.

"Ka tahi," ta ce masa.

Ya sunkuyar da kai. "To, Inna."

Da ta tashi alwala, ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Amma da ke za a tahi. Wadda ta haƙa rami ita za ta yi ma lokotoro bayani. Ni ban da bakin da zan faɗa."

Haka na ga Yamai. Tafiyar ba zan ba da labarinta ba, don rabinta kaina yana cikin roba ina amai. Lokotoron siriri ne, Hausarsa ta Zabarmawa. Ya tambayi kwalba, maigida ya nuna ni da haɓa. Na faɗa tun daga kabad har rariya. Ina jira ya yi tsawa. Sai ya cire tabarau ya murza idonsa ya ce ba ni ce ta farko ba, kuma da tasa uwar ce ta ga kwalbar, da ko kwana ba za ta yi a ɗaki ba.

"Wancan ya tafi da labarinsa," ya ce. "Sai mu tambayi wurin da ya tashi."

Aka ba maigida abin zawonsa, ya sha yana harara ta. Kashegari suka shiga da shi. Na zauna a benci cikin matan da ban jin yarensu, na tashi, na zauna, na je bakin famfo na dawo. Can lokotoron ya fito da wata kwalba, ta fi ta farko ƙanƙanta, da ƴan abubuwa uku a ciki kamar ƙwayar gero. Bai ba maigida ba. Ni ya miƙa wa, ya nuna mini wani gini a ƙetaren fili, ya ce taga ta biyu.

Da hannu biyu na riƙe ta a ƙarƙashin mayafi har na ƙetare. Wata mata mai farar riga ta karɓa ta rubuta. Ta ji Hausa, don haka na tambaye ta, in sun gama da shi ina suke kai shi? Ta ce a cikin kakin kyandir suke daskarar da shi, su ajiye a akwati shekara da shekaru, ko za a sake buƙata. Na ce mata na gode. A raina na ce wannan kam, Inna ba za ta ji shi daga bakina ba.

Sati biyar muka jira a Tawa. Ba zan ce na fi natsuwa ba, sai dai yanzu na san abin da nake jira. Takardar ta biyo wani direba zuwa hannun Majo, ya kawo ta da kansa. Muka zauna mu uku a tsakar gida. Ya karanta a zuci, leɓensa na motsi, ni kuwa fuskarsa nake karantawa.

"Gindin lahiya lau," ya ce. "Naman bai juye ba. Masu wankin nan naki suna nan daidai ƙa'ida, ba su taru ba."

Maigida ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fuska, ya fara neman takalminsa.

"Tsaya, Yaya, da saura. Tun da ba a san abin da na farko yake ba, lokotoro ya ce dole a ɗauke shi kamar mai laifi. Za ka riƙa komawa ana leƙawa kowace shekara, har shi ce ya isa."

"Kowace shekara?"

"Da kwalbar farko ta isa, wataƙila da an bar ka ka huta shekaru. Yanzu kam sai haƙuri."

Maigida ya juyo ya dube ni, ya daɗe. Na duƙar da kai ina gyara bakin tabarmar da ba abin da ya same ta.

"Matata," in ji Majo, "da ni kinka aura da duk ba a yi haka ba."

"Rufe mana baki," wansa ya ce. Sannan ya ce mini, "Ke kuma ki riƙe watan. Ni in an bar ni mantawa zan yi."

Ban taɓa bari ya manta ba. Da an yi girbi nake fara yi masa maganar, shi kuma ya fara kawo dalilai, ga ɗinkin salla, ga hanya ta lalace, ga an ce za a sake yajin aiki. Sau huɗu muka koma, kowane da rigimarsa, kowane da ni a benci. A na biyu an sami wani ɗan ƙaramin tsiro, aka cire, na kai shi taga ta biyu, aka ce bai juye ba. A na huɗu lokotoron ya biyo shi har ƙofa ya ce ya isa haka, sai in an ga wani abu. Maigida ya fito yana ɗaure tazuge, ko kallon benci bai yi ba, ya ce in tashi mu kama mota tun mutumin nan bai canja magana ba.